Shekarun da Na Yi Ban Zauna Ba

Ina da shekara ashirin da bakwai abin ya fara, aurena bai fi shekara ɗaya da 'yan watanni ba. Direba nake a wata ma'aikatar gwamnatin jiha a nan Bauchi, an haɗa ni da wani darakta mai gida a GRA. Kullum da sassafe in hau babur daga gidanmu na cikin gari, in wanke mota a gindin bishiyar maina, wato dogon yaro, da ke ƙofar gidansa, in jira ya fito. Mutum ne mai yawan tafiya, yau Jos, jibi Gombe, mako mai zuwa Abuja. Idan ya shiga taro kuma, a cikin motar nake jiransa, wani lokaci tun hantsi har la'asar.

A tsakiyar bazara na fara jin wani ɗan tauri a ƙarshen ƙashin bayana, daidai inda tsagar ɗuwawu ta soma. Na ɗauka maruru ne. Na riƙa karkata gefe ɗaya idan ina tuƙi, na naɗe tsohon tawul na sa a ƙarƙashin cinyata. Cikin mako guda ya kumbura, ya yi zafi, har bugawa yake kamar da zuciya a ciki. Ban gaya wa kowa ba, domin ba wuri ne da namiji yake nuna wa mutane ba.

A hanyar dawowa daga Jos ya fashe, mun ɗan wuce Toro. Na ji ɗumi yana bin wandona, zafin ya sauka lokaci ɗaya, sai wari ya biyo baya. Daraktan yana karatun takardu a kujerar baya, ya ɗago ya tambaya ko wani abu ya mutu a cikin na'urar sanyaya motar. Na ce wataƙila ɓera ne, ranka ya daɗe, na sauke gilasai. Da muka isa gidansa ban fito na buɗe masa ƙofa ba kamar yadda na saba. Na yi kamar ina duba wani abu a gaban mota har ya shige. Farin yadi ne a jikina ranar. Na cire rigar kujerar na wanke a famfon bayan gida, na ɗaura tawul ɗin a ƙugu, na tafi gida a tsaye a kan babur.

Maiɗakina ce take wanki, don haka ba yadda za a yi ta rasa gani. Na ce mata basir ne. Haka na gaya wa Inna, mahaifiyata, wadda muke zaune gida ɗaya da ita. Basir ciwo ne da kowa ya sani, kowa kuma yana da maganinsa. Na sha jiƙe-jiƙe iri-iri, na daina cin yaji da mai. Bayan wata biyu kumburin ya dawo. Inna ta tura ni wurin wani wanzami a Zungur, can wajen danginta. Dattijo ne mai sanyin hannu. Ya kwantar da ni rub da ciki a kan buzu a zaurensa, ya tsaga da aska, ya matse, ya cusa garin wani sassaƙe. Na samu sauƙin wata uku. Daga nan sai wurin ya daina kumbura sosai, ya koma tsiyaya, kullum ɗan ruwa-ruwa da jini-jini, kullum wando biyu.

Da na gaji na yanki kati a asibiti. Likitan matashi ne, bai girme ni da yawa ba. Ya duba, ya sa wani siririn ƙarfe a wurin, na ji ya shige can ciki fiye da yadda na zata. Ya tambayi sana'ata, na faɗa, ya gyaɗa kai. Ya ce ba basir ba ne. Ya juya bayan katina ya zana mini. Gashin jikina ne yake karyewa ya taru a tsagar nan, zama da gumi da girgizar mota su tura shi cikin fata, ya haƙa hanya a ƙarƙashi ya yi sheƙa. Muddin sheƙar tana nan, duk tsagawar da za a yi zai sake taruwa. Dole a yanke wurin gaba ɗaya, kuma ba za a ɗinke ba, za a bar shi a buɗe ya ciko daga ƙasa. Na tambaye shi kwana nawa. Ya ce wata biyu, wataƙila uku, jiki da jiki.

Ranar aikin an yi mini allura a gadon baya, rabin jikina na ƙasa ya mutu, ina kwance rub da ciki ina jin ƙarar ƙarafa da hirarsu. Da aka gama likitan ya zagayo ta gabana da ɗan kwanon ƙarfe. Curin gashi ne a ciki, baƙi, a jiƙe, irin wanda mace take cirewa a mataji. Na daɗe ina kallonsa. Ban ji ƙyama ba sosai, mamaki na ji, a ce wannan ɗan abin ne ya hana ni sukuni kusan shekara.

Aikin ba komai ba ne idan aka gwada shi da wankin ciwon. Ramin da aka bari ƙwan kaza zai shige, an cika shi da bandeji, kuma kullum sai an zare na jiya an sa sabo. Wadda take wannan aiki wata nas ce babba, Kirista daga wajen Dass, mai furfura a gaban goshi, kowa Sista yake ce mata. Hausarta irin ta mutanen can ce, mace da namiji duk "ya" ne a bakinta. Ranar farko da ta kama bakin bandejin ta ja, ya manne da ɗanyen nama, na ciji matashi har na ji zaren yadin a haƙorana.

"Yi ihu in kana so, Direba," in ji ta. "Manya sun yi a kan gadon nan."

Da aka sallame ni, zuwa asibitin kullum ya zama wani ciwon. Babur ba ya hawuwa. A keke mai ƙafa uku nake tafiya, in durƙusa a ƙasa in kifa ƙirjina a kan kujera, bayana yana kallon mai tuƙi. Idan muka tsaya a cunkoson kasuwar Wunti mutane suna leƙowa. Sista ta ga yadda nake isowa a jiƙe da gumi, bandejin ya riga ya goce, ta ce in kawo matata ta koya mata. Na ƙi. Na ce akwai kunya tsakaninmu, yarinyar ko sunana ba ta faɗa, ba ta taɓa ganina tsirara da rana ba. Sista ta ce to in zaɓa, ko matata ta gani ko duk Wunti su ci gaba da gani.

Maiɗakina ta zo, tana da cikin wata huɗu. Ta tsaya a gefen gadon da mayafinta, ta kalli ramin. Kwana uku tana kallo, a na huɗu Sista ta ba ta safar hannu.

Haka rayuwarmu ta koma. Da hantsi, idan rana ta shigo ta tagar ɗaki, ta tafasa ruwa da gishiri ta bari ya huce, ta shimfiɗa leda a kan gado, ta saki labulen ƙofa. Ta jiƙa tsohon bandejin kafin ta zare, ta wanke ramin, ta cusa sabo a hankali har ƙasa, ta rufe da filasta. Duk mako ta aske gashin da ke kewaye da reza, ta bi da hantsaki tana tsince duk silin da ya faɗa ciki. Warin yana tayar mata da zuciya saboda cikin. Sau da yawa takan tsaya a tsakiyar aikin, ta fita da sauri, in ji tana amai a bakin magudana, ta kurkure baki, ta wanke hannu, ta dawo ta ci gaba daga inda ta tsaya. Ni kuwa fuskata tana cikin matashi. Na gode wa Allah da ba ma ganin idon juna.

Rub da ciki nake barci, rub da ciki nake cin abinci, ko a tsaye a jingine da bango. Gwiwoyin hannuna suka yi kanta. Salla ta dame ni ƙwarai, domin wurin ba ya daina tsiyaya, ban san ko alwalata tana tsayawa ba. Na je wurin limamin unguwarmu na yi ta kewaye-kewaye, wai wani abokina ne yake tambaya. Ya ce in gaya wa abokin nawa mai uzuri ne, ya tsaftace iya ƙoƙarinsa, ya yi alwala, ya yi sallarsa yadda jikinsa ya iya. Ya ƙara da cewa Allah ya ba ni lafiya. Duk da haka na daina shiga sahu. Ina tsoron na kusa da ni ya ji wari, ina tsoron na bayana ya ga tabo idan na yi sujada.

Wata biyun da likita ya ce suka wuce, na uku ya wuce. Daraktan ya zo duba ni sau ɗaya, ya kawo lemo da madara, ya yi addu'a. Ba mugun mutum ba ne, amma yana da tafiye-tafiye. A wata na huɗu aka ba shi wani direban, ni kuma aka mayar da sunana cikin direbobin ofis masu jiran aiki. Ramin yana cikowa, amma kamar ba ya so. Wani makon ya ragu, wani makon ya tsaya cak. Wani lokaci naman ya tofo ya wuce baki, ja, mai saurin jini, Sista ta ƙone shi da wani ɗan tsinke mai baƙin kai. A cikin haka aka haifi 'yarmu. Ranar suna tun safe ina tsaye a ƙofar gida, ina raba goro da dabino, mutane suna yaba mini ladabi wai na ƙi zama a gaban manya. Kwana uku kawai maiɗakina ta huta bayan haihuwa, na koma wurin Sista. A na huɗu ta ce in kwanta, ita da take wankan jego da ruwan zafi safe da yamma.

A wata na takwas fata ta rufe. Na zauna a kan kujera a karo na farko, a ɗarare, kamar baƙo a gidan surukai. Na koma aiki, aka ba ni motar ɗaukar ma'aikata, gajerun tafiye-tafiye a cikin gari. Na bi duk abin da aka ce: wanka sau biyu, shanya wurin sosai, wando mai sakewa, tashi in miƙe duk bayan sa'a guda, aski duk mako. Na yi shekara ɗaya da wata biyu a haka, har na fara mantawa.

Wata Asabar maiɗakina tana yi mini askin sai na ji rezar ta tsaya. Na tambaye ta mene ne.

"Malam, akwai ɗan rami," ta ce. "Kamar kafar allura."

Likitan bai yi mamaki ba. Ya ce ciwon yakan dawo wa wasu ko sun kiyaye, musamman masu gashi da zurfin tsaga irina. A aiki na biyu an yanke fiye da na farko, an kuma ɗinke, da fatan zai fi saurin warkewa. Kwana goma ina lallaɓawa kamar mai ɗauke da ƙwai. A na sha ɗaya 'yata, wadda ta fara tafiya, ta yi tuntuɓe a bakin murhu, na sunkuya na cafe ta. Na ji wani abu ya saki a bayana, ba zafi ma sosai. Ɗinkin ya buɗe daga ƙasa, cikin kwana biyu ya buɗe duka. Muka koma ruwan gishiri da leda, ramin ya fi na da tsawo.

A wannan karon halina ya canza. Na farko na jure shi domin ina ganin ƙarshensa. Na biyu ban ga komai ba. Na zama mai faɗa a kan gishirin miya, a kan kukan yarinya, a kan ƙarar turmin maƙwabta. Inna ta haƙiƙance hannu aka sa mini a wurin aiki, ta riƙa karɓo rubutu, ina sha don kada ranta ya ɓaci, in koma ɗaki in huce a kan wadda ba ta yi mini komai ba.

Wata rana tana cusa bandeji ta taɓo wani wuri mai rai, zafin ya hau har ƙeyata. Na ce mata hannunta ne. Na ce da tana askin nan da kyau, da tana tsince gashin yadda aka koya mata, da bai dawo ba. Na faɗa da ƙarfi har Inna ta ji daga tsakar gida. Hannunta ya tsaya a cikin ramin na ɗan lokaci. Sannan ta ƙarasa, ta rufe da filasta, ta naɗe ledar, ta wanke hannu. Bayan azahar ta goya 'yarta, ta gaya wa Inna za ta je Miri gaida iyayenta. Ba ta dawo ranar ba, ba ta dawo washegari ba.

Girman kai ya hana ni bin ta, kunya ta hana ni komawa wurin Sista. Na kwance madubin babur ɗina, na tsuguna a ɗaki ina leƙe ta tsakanin ƙafafuna. A nan na fara ganin abin da take gani kullum: ja, mai zurfi, da farin abu-abu a ƙasa, kamar ba jikin mai rai ba. A madubi hagu dama ne, hannuna yana zuwa inda ban aike shi ba. Kwana biyar ina wankin ciwon da kaina. A na shida zazzaɓi ya rufe ni, wurin ya yi wari irin wanda ban taɓa ji ba. Na durƙusa a keke na tafi asibiti. Sista ta zaro guntun bandejin da na bari a ƙasan ramin, ya yi kore. Ta tambayi ina matata, na faɗa mata gaskiya. Ta daɗe tana wankewa.

"Ni ana biyana, kuma ina tashi aiki in tafi gida," ta ce daga baya. "Matarka fa, yaushe ya tashi aiki?"

Da zazzaɓin ya sauka na tafi Miri. Kaka ce, an tara masara a ƙofar kowane gida. Surukina manomi ne, dattijo marar yawan magana. Ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, ya zauna a kan tasa. Ba a tsayawa a kan suruki, ba a kuma kwanciya a gabansa. Na zauna. Tun aikin na biyu ban ɗora nauyina a wurin ba sai ranar. Muka gaisa, ya tambayi Inna, ya tambayi gari, ya ba ni labarin ruwan bana da tsutsar da ta shiga masarar wasu. Daga maganarsa na gane 'yarsa ba ta gaya wa kowa komai ba, cewa ta yi ta zo hutawa. Aka kawo fura, dole na sha. Gumi yana zuba daga haɓata, ina jin bandejin yana jiƙewa, ina amsa masa da to, to. Mun kai sa'a guda.

Da aka kira la'asar ya miƙe, na miƙe. Jini ya ratsa wando da riga ya zauna a kan tabarmar, faɗin tafin hannu. Ya kalli tabarmar, bai kalle ni ba. Ya naɗe ta da kansa ya jingine a bango, ya leƙa cikin gida ya ce wa 'yarsa ta haɗa kayanta, mijinta ya zo.

A hanya tana zaune da yarinya a cinya, ina durƙushe kusa da ƙafarta. Washegari da hantsi ta tafasa ruwa. Kafin ta sa safar hannu na fara ba ta haƙuri, ta tare ni.

"Zan ci gaba da wanke maka, Malam. Amma idan hannuna yana ciki, kada ka ƙara yi mini magana."

Ban ƙara ba. Har yau a shiru muke yi.

Ramin na biyu ya ɗauki shekara ɗaya da wata ɗaya. A cikinta Inna ta rasu, bayan gajeriyar jinya. Ni ne babban ɗanta, ni ya kamata in zauna a tsakiyar tabarma in karɓi gaisuwa kwana uku. Na gwada ranar farko, ban kai azahar ba. Sauran kwanakin a tsaye na yi su, a jingine da garu, ina sunkuyawa ina miƙa hannu. Wani kawuna ya ja ni gefe ya ce mutane suna magana, wai kamar ina jiran su tashi. Na ce masa ba ni da lafiya. Ya ce ai ga ni a tsaye garau. Ban iya yi masa bayani ba a ƙofar gidan makoki, na bar shi da abin da ya ɗauka. Inna ta tafi tana ganin wani ne ya yi mini, ban taɓa iya raba ta da wannan ba.

Ban koma tuƙi ba. Likita ya rubuta takarda, ofis suka mayar da ni sito, inda nake ba da takardu da tawada da tsintsiya ta taga. Na sa kafinta ya ƙara wa teburin ƙafa don in riƙa rubutu a tsaye. Sababbin ma'aikata suna ɗauka tsabar son aiki ne. Wani lokaci idan direbobi suka dawo daga Abuja suna hirar hanya a gindin bishiya, nakan tsaya in saurara, in ji an gyara wurin kaza, an buɗe gidan mai a wurin kaza. Hanyar da na sani kamar tsakar gidanmu ta zama labari.

Ciwon ya sake dawowa, shekara uku bayan na biyun. Bai kai na da ba, ƙananan ramuka biyu ne a gefen tabon, suna tsiyaya kwana biyu su yi shiru wata guda. Sista ta yi ritaya ta koma garinsu. Likitan da na gani a wannan karon ya ce akwai wani aikin da ake yanko fata daga gefe a shafe tsagar gaba ɗaya, ya fi hana dawowa, amma sai a babban asibiti a wani gari, kuma shi ma ba a rantsuwa a kansa. Ya ba ni takardar turawa. Tana cikin jakar takardun makarantar yara, na sabunta ta sau ɗaya. Nakan ce bayan salla, nakan ce bayan damina. Gaskiyar ita ce ina tsoron in farka in tarar da rami na uku, kuma ban san da bakin da zan ce wa maiɗakina mu sake daga farko ba.

Bara ta fara kuskuren gashin. Sai ta gama, in ji wani sili yana sukata, ta sake dubawa ta ce ba ta ga komai ba. Ta riƙa jawo ni kusa da taga, daga baya ta ce mu koma bakin ƙofa inda haske ya fi. Ba ta gaya mini ba ta je aka auna idonta. Ran nan da hantsi na kwanta, na ji tana buɗe wani ɗan akwati, na waiwaya na gan ta da tabarau mai baƙin kewaye, ya yi mata girma, tana tura shi sama da bayan hannu saboda safar. Shekararta talatin da huɗu. Ta ce in juya, ruwan yana hucewa.